Kirsimeti da Sabuwar Shekara a Gidajen Masu Bi na Yammacin Zamfara

Kirsimeti shi ne bikin tunawa da haihuwar Yesu Almasihu, wanda yawancin ikkilisiyoyin duniya suke yi ranar 25 ga Disamba. A Nijeriya gwamnatin tarayya tana ba da hutu ranakun 25 da 26 ga Disamba da kuma 1 ga Janairu, shi ya sa a bakin mutanenmu kalmar takan ɗauki dukan kwanakin nan, tun daga ranar da aka kayar da saniyar watanda har zuwa sujadar safiyar sabuwar shekara. Wannan bayani ya duba yadda iyalan masu bi suke yin waɗannan kwanaki a ƙananan hukumomin Anka, Gummi da Bukkuyum, inda Kirista ba su da yawa, da kuma inda al'adun suka samo asali.

Lokacin da bikin yake faɗuwa

A nan Kirsimeti yana zuwa ne a tsakiyar hunturu. Hazo yakan rufe gari, leɓe da ƙafa su tsage, sanyin asuba ya sauka ƙasa da digiri 15 a wasu ranaku, yara su kewaye murhu suna jin ɗumi. Gero ya daɗe da shiga rumbu, an yanke dawa, an roro wake, masu fadama a gefen gulbi sun soma shirin noman rani. Wato lokaci ne da manomi yake da ɗan abin hannu, ma'aikaci kuma yana jiran albashin Disamba. Dalili ke nan da ya sa ikkilisiyoyi da yawa suke yin baikon godiya na kaka a Nuwamba ko farkon Disamba, a kawo damin dawa, tiyar wake, kaza ko kuɗi, kafin hankali ya koma ga hidimar biki. Ga 'yan'uwanmu na ƙasar Zuru wannan ba baƙon abu ba ne, don kakanninsu suna da bikin Uhola na murnar amfanin gona tun kafin bishara ta iso.

Ranar 25 ga Disamba

Littafi Mai Tsarki bai faɗi rana ko watan da aka haifi Ubangiji ba. Matiyu sura 1 da 2 da Luka sura 2 sun ba mu wurin, wato Baitalami, sun ba mu zamanin, wato na Hirudus da Kaisar Augustas, sun tsaya nan. Babu kuma inda manzanni suka umarci a yi bikin. Tsohuwar shaidar da ake da ita ta ranar 25 ga Disamba wani jerin ranaku ne na ikkilisiyar Roma wanda ya koma shekara ta 336. Masana tarihi suna da bayani biyu. Wasu sun ce an zaɓi ranar ne don ta danne bukukuwan arna na lokacin da rana take soma tsawo. Wasu kuma sun ce an yi lissafi ne daga 25 ga Maris, ranar da aka ɗauka mala'ika ya yi wa Maryamu albishir, aka ƙirga wata tara. Har yau ikkilisiyar Armeniya tana yin nata ranar 6 ga Janairu, Kibɗawan Masar da Habasha kuma ranar 7 ga Janairu saboda tsohuwar kalandarsu.

An taɓa samun masu bi na ƙwarai da suka ƙi bikin gaba ɗaya. Majalisar Ingila ta hana shi a 1647, yankin Massachusetts na Amurka kuma daga 1659 zuwa 1681 yana cin tarar wanda aka kama yana yi. Har yanzu akwai ɗarikun da ba sa yi. Abin da Bulus ya koyar a Romawa 14:5-6 ya isa mu a nan: wanda ya girmama rana ya yi domin Ubangiji, wanda bai girmama ba kada a hukunta shi. A ganina fasto da ya ce wa jama'a an haifi Yesu ranar 25 ga Disamba tabbas ya faɗi abin da ba zai iya karewa ba, kuma a gari irin Gummi ko Anka, inda maƙwabci mai karatu zai iya tare ɗanka da wannan tambaya a makaranta, gara yaro ya ji gaskiyar daga gida: ranar tunawa ce da ikkilisiya ta keɓe, haihuwar kuwa ta faru.

Hanyar Kanada

Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, Kirsimetin da muka gāda a arewa yana da hannun mutanen Kanada a ciki. Ranar 4 ga Disamba 1893, mako uku kafin biki, samari uku suka sauka Legas da niyyar kai bishara ƙasar Sudan: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Toronto, da Thomas Kent daga Amurka. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham ya koma, ya sāke ƙoƙari, har aka kafa tasha a Pategi a 1902. Wannan aiki ne ya zama SIM, daga cikinsa aka haifi ECWA a 1954. Gwamnatin Turawa ta daɗe tana hana 'yan mishan shiga ƙasashen sarakuna, sai a shekarun 1930 ƙofa ta buɗe a lardin Sakkwato ta hanyar jinyar kutare a Amanawa. Ta kudu kuma, wani ɗan Kanada, A. W. Banfield, ya jagoranci aikin da ya soma a ƙasar Nufe a 1905, wanda daga baya ya kai Zuru a shekarun 1920, ya zama UMCA. Da yawa daga cikin masu bin da suke zaune a Bukkuyum da Gummi a yau 'ya'ya da jikokin wannan aiki ne, sun hauro neman gona, kasuwa ko aikin gwamnati.

To, wane irin Kirsimeti waɗannan mutane suka baro a gida? A Kanada Disamba lokacin ƙanƙara ne. A birni irin Winnipeg sanyin dare yakan kai digiri 20 ƙasa da sifili, hasken rana kuma wajen awa 8 ne kawai, alhali mu a nan ko a rana mafi gajarta muna samun fiye da awa 11. Wannan duhu da sanyi su suka gina al'adunsu. Mutum ba ya iya zama a waje, sai iyali su taru cikin ɗaki, a kunna fitilu da kyandir, a shigo da itace mai ganye kore a yi masa ado, domin shi kaɗai ne bai kaɗe ganye ba. Al'adar itacen daga Jamus ta fito. A Kanada ana danganta na farko da gidan wani janar Bajamushe mai suna Riedesel a garin Sorel, a 1781. A lardin Kwibek, inda ake jin Faransanci, iyalai sukan je sujadar tsakar dare ranar 24, su dawo su zauna cin abinci har kusan asuba, da wani gasasshen abinci mai nama a ciki. Zuriyar mutanen Yukren da suka zauna a yammacin ƙasar suna yin jibin dare mai abinci iri 12 ba nama, don tunawa da manzanni. A tsibirin Newfoundland mutane sukan rufe fuska su canza murya su bi gida gida, masu gida su yi ta cankar ko wane ne. Sauran kuwa talotalo ne gasasshe, da kyaututtuka a ƙarƙashin itace da safe.

Akwai wata al'adarsu da ta fi burge ni. Ranar 6 ga Disamba 1917 wani jirgin ruwa maƙare da albarusai ya yi karo da wani a tashar Halifax, ya fashe, mutum kusan 2,000 suka mutu. Birnin Boston na Amurka ya aiko da likitoci da kayan agaji cikin gaggawa. Tun daga 1971, kowace shekara lardin yana sare babban itace ya aika wa Boston don godiya. Jikokin waɗanda aka taimaka ne suke biya, ga jikokin waɗanda suka taimaka.

Ta wani gefen kuma, kasuwa ta daɗe da shiga bikinsu. Jerin gwanon Baba Kirsimeti na Toronto wani babban kanti ne ya fara shi a 1905 don ya jawo masu saye, hukumar gidan waya ma ta ba tsohon lambar adireshi tasa, H0H 0H0, yara suna rubuta masa wasiƙa ana amsa musu. Asalin wannan tsoho mai jan kaya shi ne Nikolas, bishop na Mira a ƙasar Turkiyya ta yau, a ƙarni na 4, wanda aka san shi da taimakon matalauta a ɓoye. Babu laifi wani dattijo ya sa jar hula ya raba wa yaran makarantar Lahadi alewa da biskit, muddin yaran sun san ko wane ne kuma sun san ba shi ake tunawa ba.

Abin da ya zauna a ƙasarmu

Itace da ƙanƙara da talotalo ba su kama ƙasa a nan ba, in ban da ɗan itacen roba da fitilu a gaban bagadi. Abin da ya kama shi ne waƙa, wasan kwaikwayo, sabon kaya, nama, da ziyara, kuma kusan duka mun zuba su ne a tukunyar da muka riga muka sani ta Sallah da bikin kaka.

Waƙoƙin haihuwa da 'yan mishan suka fassara suna nan cikin Littafin Waƙoƙi, ana rera su daga farkon Disamba. Amma zumuntar mata ce ta mai da bikin namu na kanmu, da tulu da ganga da caki, da waƙoƙin da suke tsarawa da kansu ana bayarwa ana amshi. Masu ganin wannan kamar rage darajar sujada ne su sani cewa waƙar Kirsimeti mafi tsufa a Kanada ma da harshen 'yan asalin ƙasar, Wendat, aka yi ta, ana danganta ta da wani fada mai suna Jean de Brébeuf wajen 1642. Wasu ikkilisiyoyi suna yin sujadar karatu tara da waƙoƙi, tsarin da aka soma a Truro ta Ingila a 1880, wanda yake bin alkawarin Mai Ceto daga Farawa zuwa annabawa zuwa Yahaya sura 1. Ga ƙaramar ikkilisiya wadda ba ta da ƙungiyar mawaƙa mai ƙarfi, wannan tsari yana da sauƙi, kuma yana ba mutum tara damar tsayawa su karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa a gaban jama'a.

Wasan kwaikwayon yara kuwa kowa ya san shi: zanen uwa ya zama rigar makiyayi, farin mayafi ya zama fiffiken mala'ika, wanda ya fi kowa murya ya zama Hirudus. Malaman makarantar Lahadi su lura da abu biyu. Matiyu bai ce masanan nan su uku ne ba, kyautarsu ce iri uku, bai kuma ce sarakuna ne ba. Sa'an nan a cikin gida suka sami yaron, ba a wurin komin dabbobi tare da makiyaya ba.

Sai watanda. Maza goma ko ashirin, wani lokaci da matan zumunta, sukan yi adashi tun tsakiyar shekara, a sayi sa ko saniya, a yanka ranar 23 ko 24 da sassafe, a kasa kashi kashi daidai yawan masu zubi. Kyakkyawar al'ada ce, domin ta sa gidan da ba zai iya sayen akuya ba ya ci nama kamar kowa. Ikkilisiyoyin da suka san abin da suke yi sukan ware kashi ɗaya ko biyu na gwauraye da marayu tun kafin a soma rabo, a biya daga asusun ikkilisiya. Wurin da rigima takan taso shi ne riƙon kuɗi: a rubuta sunan kowa da abin da ya zuba, mutum biyu su riƙe littafin, a je kasuwa mutum uku. A kuma sayi dabba daga hannun dillalin da aka sani. A ƙasar da satar shanu ta zama tushen zub da jini, saniya mai arha fiye da kima abin tambaya ce, kuma mai bi ba ya yin bikin haihuwar Ubangiji da dukiyar wanda aka kora daga rugarsa.

Abincin ranar shi ne shinkafa, ko da miya ko dafa-duka, da soyayyen nama, kaji ko zabi, cincin, zoɓo da kunun zaƙi, wasu gidaje kuma waina. Tela yakan kwana a kan keke saboda ɗinkin yara da ankon zumunta. A nan ne bashi yake shigowa. Daidai ruwa daidai tsaki: iyalin da suka sayar da buhun dawa biyu a Disamba, lokacin da hatsi ya fi arha, don atamfa da takalma, su ne za su saye shi da tsada a Yuli. Shugabannin zumunta su yi tunani kafin su fitar da sabon anko kowace shekara, domin matar da ba ta iya saye ba takan ƙi zuwa sujada don kunya. Game da giya, koyarwarmu a kan buguwa a fili take a Afisawa 5:18, ga shi kuma dokar jiha ta hana sayar da ita tun da aka soma aiki da shari'a a shekara ta 2000.

Kwanon maƙwabci

Wannan ita ce al'adar da ta fi kowace nauyi a wurinmu, kuma ba daga Kanada ta zo ba. Da Sallah maƙwabtanmu Musulmi sukan aiko mana da tuwo da naman layya, da Kirsimeti kuma yaranmu su ɗauki kwanuka su bi gidaje. Saboda wannan ne iyalai da yawa suke kiran mahauci Musulmi ya yi yankan, domin kowa ya ci hankali kwance, kuma ba a haɗa tukunyar da wani abin da addininsu ya hana. Wasu masu bi suna tambaya ko hakan ya halatta. Abin da Bulus ya koyar a 1 Korintiyawa 10:25-33 game da naman kasuwa da kula da lamirin wani ya amsa tambayar.

Akwai maƙwabcin da zai karɓa da murna har ya zo barka da kansa. Akwai wanda malaminsa ya koya masa kada ya ci abincin wannan rana. Kada a mai da shi abin gaba, kada kuma a aika yaro ya tsaya a ƙofa a mai da shi da kwano cike, don yaro ba ya manta irin wannan. Uwar gida ta tambayi maƙwabciyarta tun da wuri, cikin raha. In ba za su ci dafaffe ba, sau da yawa za su karɓi ɗanyen nama, shinkafa ko cincin bayan kwana biyu. Zumunci a ƙafa yake, kuma gaisuwar da dattawan ikkilisiya sukan kai wa mai unguwa ko hakimi a wannan mako tana da amfanin da ba a gani sai ranar da wata magana ta taso.

Tafiya gida, da waɗanda suka rage

Yawancin masu bi a waɗannan garuruwa uku suna da wani wuri da suke kira gida: Zuru, kudancin Kaduna, Filato, Binuwai, ƙasar Ibo ko ta Yarbawa. Saboda haka a lokacin da majami'un Jos da Kafanchan suke cika har waje, namu raguwa suke yi. Tafiyar kuwa ta daina zama abin wasa. Hanyar Anka zuwa Mayanci zuwa Gusau, da wadda ta tashi daga Ɗaki Takwas ta nufi Zuru, duk an sha tare matafiya a kansu. Wanda zai tafi ya tashi da rana, ya shiga mota a tasha, ya tambayi direbobi labarin hanya a ranar, ya bar wa wani dattijo sunan inda za shi. Wanda ya ga bai kamata ya ɗauki mata da yara ya hau hanya bana ba, bai yi rashin bangaskiya ba, kuma dangi a gida kada su matsa masa.

Daga 4 zuwa 6 ga Janairu 2022, kwana kaɗan bayan sabuwar shekara, 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka a Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 suka mutu, mazauna yankin suka ce sun kai wajen 200. Kafin wannan, a 2010, gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyuka irin su Bagega, Dareta da 'Yargalma. Kusan dukansu 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi ne. Mai wa'azin Kirsimeti a irin wannan ƙasa bai kamata ya tsaya a Luka 2 kawai ba. Matiyu 2:13-18 ma labarin haihuwa ne: mai mulki ya aika a kashe yara, iyaye mata suna kuka, Yusufu ya tashi da dare ya gudu da iyalinsa zuwa wata ƙasa. Katolika da Anglikan suna tunawa da yaran Baitalami ranar 28 ga Disamba, kuma ba na ganin dalilin da zai hana sauranmu karanta wannan sura a Lahadin da ta biyo bayan biki. Garin Anka cike yake da waɗanda suka baro ƙauyukansu. Ranar 26, wadda Turawa suke kira ranar akwati saboda tsohuwar al'adar raba kyauta ga ma'aikata da matalauta, kuma ranar tunawa da Istifanas wanda aka zaɓa don hidimar gwauraye, ta dace da kai musu bargo, tsofaffin rigunan sanyi da hatsi, ba tare da tambayar addinin kowa ba.

Cikin waɗanda suka rage a gari akwai 'yan sanda da sojoji da suke bakin aiki, ma'aikatan asibiti, da 'yan hidimar ƙasa da kuɗin mota ya gagara. A rubuta sunayensu tun Lahadin da ta gabata, a raba su gida gida, domin kada wani ya fito daga sujada ya koma ɗaki shi kaɗai.

Daren shiga sabuwar shekara

Sujadar tsaro ta daren 31 ga Disamba ta fito ne daga ikkilisiyar Morabiya a Jamus a ƙarni na 18, John Wesley ya ɗauka ya yaɗa ta cikin Metodis. Abin da ake yi shi ne shaida, tuba, addu'a da sabunta alkawari. A 'yan shekarun nan ta koma daren annabce-annabce a wasu wurare, har da sayar da mai da ruwa, abin da ba shi da tushe a cikin Littafi. Babu kuma ayar da ta ce sai da ƙarfe 12 na dare Allah yake karɓar godiya. Inda akwai dokar hana fita, ko masu zuwa za su ratsa bayan gari cikin duhu, dattawa su mai da sujadar ƙarfe 4 na yamma, kowane gida ya ƙarasa nasa tsaron a tsakar gida. A sanar da jami'an tsaro lokacin taro, a rage ƙarar lasifika, a hana yara wasan nokawut gaba ɗaya, domin a garin da aka san ƙarar bindiga, fashewa ɗaya tana iya sa unguwa ta watse. A kula da wutar jin ɗumi da kyandir, iskar hunturu ba ta da wuyar ɗaukar wuta zuwa danni da rumbu.

Ranar 1 ga Janairu akan yi sujadar safe, a karanta rahoton shekara, wasu ikkilisiyoyi su sanar da sababbin shugabannin ƙungiyoyi. Matafiya sukan soma dawowa daga 3 ga wata, makarantu kuma su buɗe zango na biyu a mako na farko ko na biyu, da kuɗin makaranta da ya kamata a ware tun kafin a zuba na watanda.